Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar birnin Maradi da malaman jami'a: a ba inji kwano, a bar muna cokali

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga shugabannin birnin Maradi, da malamanmu na jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo musamman masu koyar da aikin gini da na inji da na lantarki, da malaman lise teknik Ɗan Kasawa, sannan alhazanmu masu ba da aikin gini ku ma ban tsallake ku ba don da kuɗɗinku ake komi. Ranku shi daɗe. Ina gajiya, ina munka ji da zahi.

Ni maso ne, shekara 23 ke nan ina cin abinci da cokali da igiya, na hwara da ɗaukar kwano ƙarƙashin wani kawuna Allah shi jiƙanshi, yau kuma ni ke da yara ƙarƙashina. Ban yi lakkol mai nisa ba, in kunka ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, bango ne dai ba ya karkace mini.

Abin da ya zaunar da ni rubutun ga, wani bidiyo ne da ya yi ta yawo cikin gurup ɗinmu na magina a WhatsApp kwanakin baya. Wata babbar mota mai dogon wuya kamar raƙumin dawa, ta tsaya bakin hili tana ɗauko bulo tana shafa mishi gam tana jerawa ita kaɗai, sunanta Hadrian X, wani kamfani na Ostareliya ya ƙera ta. Nan take gurup ya rabu biyu, wasu sunka ce shi ke nan an gama da mu kowa shi je shi nemi kabu-kabu, wasu sunka ce ai haɗi ne irin na yaran kwamfuta. Ni dai shiru na yi, na sa babban ɗana ya nemo mini ire-irenshi, munka kwashe dare biyu muna ƙona mega uwarshi na ta faɗan a kashe a kwanta.

To ga abin da na lura da shi, kuma ban ji kowa cikin gurup ya kula ba. In ka bar kallon injin ka dubi gehen hoton, kullum akwai mutum. Akwai wani mai jera bulo na Amurka da ake ce ma SAM, shi ma ana yi mishi kirarin bulo dubbai a wuni, amma lebura ke ɗura mishi bulo da kwaɓi, maso kuma na biye da shi yana duba layi yana share haɗi, kusurwa ma sai an sa hannu. Akwai TyBot mai tahiya bisa gada yana ɗaure rodi da waya, ƙulli sama da 1000 a awa, amma mutane sunka shimhiɗa ƙarhen sunka auna tazara, shi ɗaurin kawai ya karɓa, kuma duk wanda ya taɓa wuni duƙe yana murɗa waya har ya kasa miƙewa sallar la'asar ya san abin da anka ɗauke ma bayan ɗan Adam. Kamfanin Hilti ya hito da Jaibot a 2020, aikinshi huda silin kawai, aikin da ke sa ƙura ta cika maka ido da hanci hannu sama wuni guda. Na Brokk na ƙasar Suwidin rushe gini yake, mai tuƙa shi na can nesa da rimot a hannu, in bango ya zo bisa ƙarhe zai zo. Galibinsu kwanon sunka karɓa da tsani da ƙura, cokali da ido da shawara na nan hannun magini. Wannan shi ya tsaya mini a rai, don ni na san abin da kwano da tsani sunka yi mini.

Bari in kai ku shantiye ranar zuba dal, don na san da yawanku sai an gama an yi penti kuke zuwa da almakashi. Tun bayan asuba an tada betoniya, yashi ga shi tsakuwa ga ta, siminti an jibge, leburori kamar 30 an yi layi biyu, mai hawa da mai sauka. Tsanin na katako ne da mu munka haɗa da ƙusa, kuma katakon nan ya riga ya ci shantiye biyu ko ukku. Kowa da gammon buhun siminti bisa kai, ƙahwa an naɗe da leda ko tsumma an zura silifa, don ruwan beto cin nama yake, kahin azahar tsakanin yatsu ya yi jawur ya tsattsage. Ba a tsayawa, in beto ya hwara kamawa kuma anka tsaya to an yi haɗin da zai riƙa yoyo har abada, dole ranar a gama ko da hitila. In cikin Afrilu ne zahi ya haye 40, rodin kanshi in ka dahe shi sai ka yarhe hannu. Mai kunu da mai ruwan leda su ne likitocinmu.

Malamai ku da kuke son lissahi ga shi. Dal cikakke mai murabba'in mita 100, kaurin santimita 15, kubik 15 ke nan na beto, kowane kubik kuwa nauyinshi wajen kilo 2400, an tashi tan 36. In kwano guda na ɗaukar kilo 25, hawa sama da 1400 ke nan, da sauka sama da 1400, bisa tsani guda mai santsi. Duk wuyan 'ya'yan mutane ke ɗaukar shi a kan jika biyu ko ukku.

Shekara huɗu da sunka wuce muna zuba dal na wani gidan bene, la'asar sakaliya, saura ɗan lungu guda. Akwai wani yaro da ya zo cin rani daga ƙauyukan wajen Madarumfa, bai wuce 19 ba, mai yawan dariya, yana tara kuɗɗin aure, duk hawan da zai yi sai ya tsokani na gabanshi. Mataki na bakwai ya sha ruwan siminti tun sahe, ƙusa ta zare. Ƙarar kwanon na hwara ji kahin in ga yaron, ya sauka da ƙugu bisa tarin tsakuwa, wanda ke biye da shi Allah ne kawai ya tsare. Anka sa shi cikin adaidaita anka yi asibiti da shi, daga baya danginshi sunka maida shi gida wurin mai ɗori don kuɗɗi sun ƙare. Mai ginin ya ba da abin da ya ba da, ya ce Allah shi kiyaye gaba. Abin da har yau ke hana ni barci wani lokaci, ba a kashe betoniya ba. Ni da bakina na ce a buga wata ƙusa a ci gaba kada dal shi lalace. Kuma tsanin ni na haɗa shi. Yaron na nan, yana ɗingishi, rake yake saidawa, in ya gan ni har yanzu maigida yake ce mini yana dariya, ni kuwa in rasa inda zan sa huskata.

Kowa ya ce ƙaddara, kuma na yarda da ƙaddara, amma an ce muna ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mu raƙumin namu sake yake.

Bayan abin ga na tahi wurin wani abokina mai walda na ce mishi ni dai ba na ƙara aza ma ɗan kowa kwano ya hau bene. Munka samu tsohon injin markaɗe, da kura, da wayar ƙarhe, munka yanka tano rabi munka yi guga, munka kahe ƙarahuna ukku sama. Wallahi yana aiki, guga guda na ɗaukar abin da mutum biyar za su ɗauka, yara na sama suna tarba da baro. Amma kada in yi muku ƙarya, abin tsoro ne. Birkinshi sanda ce da wani yaro ke dannawa, in ya yi hamma an shiga ukku. Bai san ya kai sama ba sai an kashe shi, bai san an cika mishi kaya ba sai waya ta hwara kuka, ranar nan guga ta subuce ta dawo ƙasa da gudu ta hwashe baro, da mutum ne ke wurin da yanzu wata magana ake. Ga hayaƙi ga shan esansi.

To nan ne nike son ku malamai. Ɗana ya yi mini bayani kuma na gane, abin da ya raba inji da robo ɗan hankalin nan ne da ake sa mishi, ya ji nauyi ya ƙi tashi in an wuce ƙa'ida, ya san ya iso ya tsaya da kanshi, ya ga mutum ƙarƙashinshi ya yi ƙara ya dakata, in wuta ta ɗauke ya riƙe kayanshi kada ya saki. Ba sai yana da kai da ƙahwa kamar mutum-mutumin cikin fim ba. Ƙarhen muna da masu haɗa shi, duk wanda ya zaga garin ga ya ga abin da masu walda da makanikai ke ƙerawa daga bola ya san hannu akwai. Hankalin ne ke wurinku, cikin kan ɗaliban da kuke yayewa kowace shekara suna yawo da takardu cikin leda. Mi zai hana aikin ƙarshen karatu na yaro ya zama wanga injin nawa, maimakon littahin da za a ɗaure da kyau a aje kan kanta ƙura ta ci? Ku turo shi shantiye wata ukku, shi koya mini waya in koya mishi beto.

Ina roƙonku da girman Allah kada wani ya ji maganar ga ya ce to a yi odar robo daga waje a kawo a yi biki. Wancan mai kama da kare da ake ce ma Spot, na kamfanin Boston Dynamics, mai zagaya shantiye yana ɗaukar hoto, da anka sa shi kasuwa a 2020 dalar Amurka 74,500 ne, sama da miliyan 40 na sefa, ajin lakkol nawa ke nan? Kuma ranar da ƙurar hunturu ta shige mishi ciki wa zai buɗe shi? Mun sha ganin injuna masu tsada da anka kawo da kiɗa, ƙaramin abu ya lalace babu irinshi ƙasar, yau awaki ke kwana ƙarƙashinsu. Ga maganar wuta, ba wanda ya manta watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke layi, garin ga ya koma gurup da hitilar salula wata da watanni. Duk injin da za a yi muna a yi shi da tunanin pano da batir, rana dai ba a yi muna rowarta ba.

Kuma dalilinsu daban namu daban. Japan na sa robo cikin gini don maginansu sun tsuhwa, samari sun yi kaɗan, ba mai karɓar cokali. Mu kusan rabin 'yan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kullum sahiya ka je inda leburori ke taruwa ka ga samari da pel da diga suna jiran mai ɗauka, wanda bai samu ba shi ne gobe za ka ji ya kama hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, can ma kwanon zai ɗauka. Injin da zai kori mutum 30 ya bar mutum 2 ba mu da bukatarshi. Wanda zai hana mutum 30 ɗin karyewa shi muke nema.

Sai dai nan ma akwai gaskiyar da ba ta da daɗi kuma ba zan ɓoye ta ba. Ranar da na hwara aiki da gugar nan, maimakon 30 mutum 18 na ɗauka. Wani dattijo da ya saba zuwa mini dal ya tsaya bakin hili ya ce maigida injinka ya cinye mini tuwon yau. Ban samu amsar ba shi ba, na ba shi na cefane ya tahi, amma gobe fa? Shi ya sa na sa hukuma cikin wasiƙar ga, don wanga ya hi ƙarhin maso guda. In inji ya karɓi kwano, a samu inda za a maida mai kwanon, a koya mishi tuƙin injin da gyaranshi, ɗaurin rodi, kafinta na dal, buga bulon ƙasa, sa pano. Akwai FAFPA, asusun gwamnati mai taimaka ma koyon sana'a, akwai cibiyoyin koyon sana'a, a buɗe ma leburan shantiye ƙofa ko da bai iya faransanci ba, a yi karatun da Hausa da marece bayan an tashi aiki.

Wani wurin da nike ganin inji ya kamata ya riga mutum shiga shi ne rami. Rijiya, salga, ramin fandasho mai zurhi cikin yashin garin ga da ba ya da amana. Har yau hanyarmu ta gwada iskar tsohuwar rijiya ita ce a zura hitila a gani ko za ta mutu, wani ma ba ya yi, ɗaura igiya kawai yake ya yi bisimilla. Kun tuna watan Nuwamba na 2021 da ramukan zinariya sunka ruhta da mutane wajen Ɗan Isa, aƙalla 18 anka ce ranar farko, da hannu da pel anka yi ta tono. Ƙaramin abu mai kamara da hitila da abin shinshinar iska, a zura shi da igiya ya nuna maka ƙasa cikin salula kahin ka tura ɗan mutum, wannan ɗalibi mai himma zai haɗa shi, kuma ko 'yan kwana-kwana za su so irinshi.

Yanzu maganar ginin kanshi, da mi za a yi shi.

Damanar 2024 ba sai na ba ku labari ba. Ƙarshen watan Agusta ruwan da ya wuce milimita 150 ya sauka bisa garin ga cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 anka rasa nan take, ƙasa baki ɗaya kuma damanar ta tahi da kusan mutum 400, har tsohon masallacin Damagaram ya zube. Ni na shiga gidajen da sunka hwaɗi bayan nan, don mu ake kira. Tun daga lokacin kowa ya tsani ƙasa, kowa siminti, gwamnati ma ta rage kuɗɗinshi a watan Oktoba na shekarar kuma mun gode. Amma ni da idona na ga ginin bulo da ya zube na ga na ƙasa da ya tsaya. Wanda ya zube ko dai an gina shi bisa hanyar ruwa, ko babu fandasho na kirki, ko indararo ya toshe ruwa ya kwanta bisa rufi, ko gindin bango ya shekara yana shan ruwan wanka ba a kula ba. Bulon kuma kun san yadda ake yi, buhu guda a matse shi sai ya haihi abin da ya kusa ninka ƙa'ida, ka ɗauka da hannu yana zubar da gari kamar ƙuli. Ruwa ba baƙonmu ba ne, ambaliyar 1945 ce ta tada Maradi daga cikin gulbi ta hau da ita tudu, yau kuma mun koma muna cike hanyoyin ruwa da gini muna cewa ai bana ba za shi zo ba.

Nan ma inji na da aiki. Ɗan jirgin nan mara matuƙi mai kamara, da izinin hukuma tunda mun san halin tsaro, cikin kwana kaɗan zai zana muku inda ruwa ke bi da inda gwalalo ya toshe da inda kwazazzabo ke cin unguwa, kahin damana, kahin a yanka ma mutane hili cikin korama. Hoton shi kaɗai ba ya isa, a haɗa shi da tsohin unguwa da sunka san inda ruwa ya bi shekara 40 da sunka wuce. Sannan a aje injin gwada ƙarhin bulo inda kowa zai iya kai nashi a matsa a gani, mai gida shi san abin da ya saya.

Siminti kuwa, mu da ke shaƙarshi mun san ba abokin huhu ba ne, ashe duniyar ma haka. Kahin a same shi sai an gasa dutsen farar ƙasa cikin wutar da ta kai digiri 1450, dutsen na hitar da hayaƙi makamashin na hitarwa, masana sun ce wajen kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya daga siminti take. Mu nan daga Malbaza ake jawo shi ko a ƙetaro da shi, ga kuɗɗin mota. Sannan a gama a aza kwano sama, ɗaki ya koma tanda, cikin Mayu kowa ya kwashe tabarma ya yi tsakar gida, mai hali ya sa kilim ya yi ta biyan wuta. Ɗakin kakata na ƙasa da azara ko da tsakar rana sai ka ja mayahi. Azarar ce matsala, giginya ta yi wuya kuma bai kamata a ci gaba da sare ta ba.

Abin da ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi cikin bidiyoyin nan, a Italiya an yi wani gida a 2021 da ake ce ma TECLA, inji ya zuba shi layi bisa layi kamar mai matsa taliya, kuma da mi? Da laka, ƙasar wurin. Turawa na tahi suna kallo suna mamaki, ni kuwa na ce wannan ai rumbun kakana ne anka sa ma lantarki. A Malawi kuma wani kamfani 14Trees ya zuba bangon lakkol da irin injin ga cikin awa 18, amma shi da kwaɓin siminti na musamman, rufi da ƙofa da taga kuma mutane sunka sa. Ban ce a kawo muna su gobe ba. Cewa na yi abin da muke jin kunyarshi shi masu kuɗɗin duniya ke kashe miliyoyi su koya ma inji.

Kuma ba sai mun je Italiya ba. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce ta ƙasa, tana tsaye ɗaruruwan shekaru don ana kula da ita. Masallacin Yama cikin jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya gina, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. 'Yar ƙasar ga mai zanen gini Mariam Issoufou ta yi masallaci da ɗakin karatu a Dandaji da bulon jar ƙasa da anka matse, anka gama a 2018, duniya na ta zuwa gani, kuma magina na gargajiya ta sa cikin aikin. Tun shekarun 1980 ake koyar da gini ba katako a ƙasar ga, rufin ƙubba da bulon ƙasa ba azara ko ɗaya. Injin matsa bulon ma ba sabo ba ne, tun shekarun 1950 anka ƙirƙiro na hannu a Kolombiya, jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan a danna ya hito kamar sabulu. Wahalarshi biyu, dannawar na cin ƙarhi, kuma in awon ruwa da ƙasa ya kuskure bulon ya lalace. To ga aikin robo na gaskiya, injin da ke aiki da pano, shi auna shi kwaɓa shi danna daidai kowane lokaci, mutane su tono su tankaɗe su jera su shanya su gina. Dattijon nan da injina ya cinye ma tuwo, ga inda zai samu wani.

Ina za a gwada? Azuzuwan zana. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 wuta ta kama azuzuwan zana cikin garin ga ta ci yara ƙanana sama da 20, ba na son in tsawaita nan don akwai iyayen da za su karanta. Tunda dole a maye zana da gini, a ware ko aji 3 cikin waɗanda za a yi, a ce waɗannan da bulon ƙasa matsattse za a yi su, da fandasho na dutse da siminti mai tsawo da rufi mai baki da zai kare bango, ɗalibai da injinsu, mu da cokalinmu, a sa abin auna zahi ciki da cikin ajin bulo na kusa, a bar su su sha damana biyu, sannan kowa ya zo ya gani da idonshi. Bamaraɗe ba ya sayen abu da labari, amma in ya ga riba ba sai an yi mishi talla ba. Sassaben zamani ma haka ya yi, nan jihar ga anka hwara shi wajen 1983, ba a kawo itace daga waje ba, kututturen da ke cikin gona anka ce a bari a gyara, da farko dariya anka yi ma masu yi, yau ana maganar hekta miliyan 5 da sunka sake yin itace.

Alhazai ku kuma, kahin a kai ga robo akwai abin da ba ya bukatar jami'a. Hular kwano, takalmin roba, safar hannu, igiyar ɗaura ƙugu, tsani na ƙarhe. Duka kuɗɗinsu bai kai na ƙofar gidan da kuke sawa a yi oda ba. In maso ya sa su cikin lissahi kada a ce ya cika tsada a tahi wurin wanda zai yi da silifa. Mu ma magina da laihinmu, ka ba yaro hula ya ce zahi ya rataye ta ga rodi, ni kaina sai da abin nan ya hwaru na hwara sawa. Hukuma kuma in za ta ba da kwangila ta rubuta cikin takarda cewa daga bene ɗaya zuwa sama ba a hawa da beto bisa kai, kuma a buɗe littahi guda a riƙa rubuta duk wanda ya hwaɗo ko rami ya ruhta da shi, da wuri da dalili, don masu ƙera injin su san ta inda za su hwara. Ranar da za ku zauna taron maganar ga kuma, ku aje kujera ma maso da mai walda da lebura, a yi da Hausa, kada a gama cikin otel a aiko muna da hoto.

Asabar ta sama in Allah ya kai mu muna da dal wajen Ali Ɗan Sofo. Duk malamin da ke so ya zo da ɗalibanshi, ku tambayi masu saida yashi na unguwar inda ake dal da gugar tano za su nuna muku. Ku zo da wuri kahin a tada betoniya don in ta tashi ba a jin magana, ku sa takalmin da ba ku so. Injin na nan, birkinshi har yanzu sanda ce.

Wassalam.

Naku,
wani maso daga unguwar Zariya, Maradi.